Gashin Kaza da Fentin Ƙofa: Tarihin Masu Zanen Haiti

A shekarar 1804, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira a cikinta daga Degel zuwa Gudu, wasu baƙaƙen fata a can hayin Tekun Atlantika suka kafa ƙasar kansu. Ranar 1 ga Janairu, Jean-Jacques Dessalines ya tsaya a garin Gonaïves ya shelanta cewa mulkin Faransa ya ƙare a yankin da Turawa ke kira Saint-Domingue, aka maido wa ƙasar tsohon sunanta, Haiti. Bayi ne suka yi wannan aiki, bayan yaƙin da suka ɗaura tun 1791. Sun kai kusan rabin miliyan a lokacin tawayen, kuma mafi yawansu a Afirka aka yanke musu cibiya. Galibi daga Kongo da gaɓar Dahomey aka kwaso su, amma wanda ya duba rajistar gonakin rake da kofi na wancan zamani zai ga, a tsakanin Arada da Nago da Ibo, akwai waɗanda aka rubuta wa "Aoussa". Hausawa ke nan, waɗanda yaƙi da cinikin bayi suka gangara da su kudu har bakin teku. Ba su da yawa, amma da su aka yi. Jikokin bayin nan da suka kafa Haiti ne, shekara 140 bayan samun 'yanci, suka ba duniya mamaki da fenti da kwali.

Zane ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Henri Christophe, wanda ya zama sarkin arewacin Haiti a 1811, ya gayyato wani mutumin Ingila, Richard Evans, a 1816, don ya zana shi ya kuma koyar da yara. Sai dai a 1825 Faransa ta ɗora wa ƙasar diyyar faran miliyan 150, wai kuɗin asarar da iyayen gijin bayi suka yi, bashin da ya tsotse baitulmali zuriya bayan zuriya. Masu hannu da shuni na Port-au-Prince, masu jin Faransanci, idonsu na kan Faris, abin da bai fito daga can ba ba ya shiga falonsu. Talakan ƙauye mai magana da Kiriyol shi ne bai ajiye launi ba. Yana shafa shi a bangon ɗakin bauta, a jikin ganga, a bayan ƙwarya. Kafin a fara hidimar addinin Vodu, jagoran bauta, wanda suke kira hungan, kan ɗebi garin masara ya riƙa sakinsa ta tsakanin yatsu, yana fitar da alamar iskan da za a kira a kan dandaryar ƙasa, layi siriri, ba gogewa ba gyara, sannan masu rawa su tattake shi kafin gari ya waye. Addinin ya gauraya abin da kakanni suka zo da shi daga Dahomey da Kongo da ƙasar Yarbawa da waliyyan cocin Katolika. Wanda ya san yadda iska ke hawa ɗan bori ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin a can ma doki suke ce wa wanda aka hau.

Daga 1915 zuwa 1934 sojojin Amurka suka mamaye ƙasar. Wulaƙancin da 'yan boko suka sha a hannun sojan da bai bambanta mai takarda da manomi ba, muddin fatarsu ɗaya, shi ya sa wasu daga cikinsu waiwayen gida. A 1928 likita Jean Price-Mars ya fitar da littafin da ya zargi manyan ƙasar da jin kunyar asalinsu na Afirka, kuma a shekarun 1930 Pétion Savain ya fara zana manoma da mata 'yan kasuwa. Amma talaka bai huta ba. A 1941 da 1942 cocin Katolika, da goyon bayan gwamnatin Élie Lescot, ta kai farmaki kan abin da ta kira camfi. Aka ƙona ganguna, aka farfasa tuluna, aka sare bishiyoyin da ake girmamawa, zane mai yawa ya tafi a cikin wutar.

Ana cikin haka, a 1943, wani Ba'amurke mai suna DeWitt Peters ya sauka a Port-au-Prince. Ya ƙi ɗaukar bindiga a Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka turo shi koyar da Turanci. Shi kansa mai zane ne, kuma ya yi mamakin ganin babban birni sukutum babu wurin da mai zane zai baje kolinsa. Ya ajiye koyarwa, ya haɗa kai da 'yan ƙasa irin su Albert Mangonès da Maurice Borno da Georges Remponeau, suka buɗe cibiyar Centre d'Art ranar 14 ga Mayu 1944, Lescot da kansa ya halarta. Tunaninsu makaranta ce ta 'ya'yan birni masu ilimi. Waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofa daga baya ba su aka yi tsammani ba.

Na farkon da ya girgiza su daga arewa ya aiko da saƙo. Philomé Obin, haifaffen 1892, ya yi aski, ya yi sayen kofi, ya yi akawu a garin Cap-Haïtien, kuma tun yana saurayi yake zane ba tare da ya ci wani abin kirki a ciki ba. Yana da shekara 52 ya aika wa cibiyar hoton zuwan Shugaba Franklin Roosevelt garinsu a 1934, ziyarar da ta share hanyar janye sojojin mamaya. Peters ya aika masa da dala 5 da wasiƙar ƙarfafa gwiwa. Daga nan Obin bai sake waiwaya ba har ya rasu a 1986 yana da shekara 94.

Aikin Obin aikin marubucin tarihi ne. Yakan ja layin titunan garinsu cak kamar da ma'auni, dogayen ƙofofi, baranda, kowane mutum da tufarsa da matsayinsa, sannan a ƙasan hoton ya rubuta abin da ya faru da kyakkyawan rubutun akawu. Wanda ya fi shahara shi ne na Charlemagne Péralte, jagoran manoman da suka yi wa Amurkawa tawaye, waɗanda ake kira Kako. A ƙarshen Oktoba 1919 wani sojan Amurka, Herman Hanneken, ya yi shigar burtu ya kutsa sansaninsa ya harbe shi. Suka ɗaure gawar a jikin ƙyauren ƙofa, suka ɗauki hoto, suka watsa kwafinsa daga jirgin sama don mutane su karaya. Obin ya ɗauki wannan hoton na cin mutunci ya sake shi da fenti. Ga gawar a tsaye jikin ƙyaure, ga tuta a bayanta, ga mahaifiyar mamacin cikin baƙaƙen kaya a gefe, ya kuma rubuta cewa an gicciye shi ne saboda 'yanci. Abin da aka yi don a tsorata jama'a ya koma shaida a kan wanda ya yi shi. Ƙanensa Sénèque da 'ya'yansa Antoine da Télémaque suka bi sawunsa, har salon ya zama makaranta guda da ake kira ta Cap-Haïtien.

Duk lokacin da na tsaya kan aikin Obin, garinmu Diffa nake tunawa. Muna da masu hannu. Ga mai rubuta allon shago, wanda zai zana maka kawunan samari shida a ƙofar mai aski, kowanne da irin askinsa. Ga mai ƙawata jikin babbar mota da zaki da dabino, ga malamin da ke yi wa allon saukar karatu zayyana da ja da kore da ruwan ɗorawa, ga matan da ke ƙona ado a bayan ƙwarya. Muna kuma da abin zanawa wanda ya fi ƙarfin baki. Harin 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, kwashe mutanen tsibiran Tafkin Chadi a watan Mayun wannan shekara, rumfunan ciyawa da leda da suka jeru a gefen kwalta, shekarun da aka hana hawa babur aka tsayar da cinikin banda da tattasai, ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta shanye gonaki. Al'adarmu ta fi karkata ga ado da rubutu fiye da surar mai rai, kuma da dalilinta na addini, wanda ba na raina shi. Amma kwale-kwalen da aka kife a bakin ruwa, da jan tattasai da aka shanya babu mai saye, su ma tarihi ne, kuma yaron da ke fentin ƙofar shago zai iya ajiye mana su in ya sami wanda zai ce masa aikin nan yana da daraja.

Mu koma Haiti, ga mutumin da sunansa ya fi na kowa tafiya. A kan hanyar arewa, a ƙauyen Montrouis, Peters ya ga ƙofofin wata mashaya an yi musu zanen tsuntsaye da furanni, aikin da ya tabbata ba na kowa-da-kowa ba ne. Sai a 1945 marubuci Philippe Thoby-Marcelin ya bi sawu ya samo mai aikin a garin Saint-Marc. Sunansa Hector Hyppolite, haifaffen 1894, siriri, cikin talauci, yana fentin gidaje da kayan ɗaki don ya ci abinci. Ya koyi gyaran takalmi tun yana yaro, ya je Kyuba yankan rake kamar dubban 'yan ƙasarsa, kuma ya gaji aikin hungan daga mahaifinsa da kakansa. Yakan ce ya yi shekara biyar a Afirka, ya ga Dahomey ya ga Habasha. Masu bincike ba su sami shaidar wannan tafiya ba, da yawansu suna ɗaukarta tafiyar zuciya. Ko ma yaya ne, ta nuna inda ya ajiye asalinsa.

Da aka ba shi kwali da fenti, cikin 'yan kwanaki ya dawo da hotuna rungume a hammata. Ya koma Port-au-Prince, amma bai zauna cikin manya ba. Ya kama bukka a wata unguwar talakawa ta bakin ruwa da ake kira Trou-de-Cochon, ya kafa wurin bautarsa a ciki, yana zane a gefe. Kayan aikinsa fentin gwangwani ne irin na ƙofa da kujera, mai sheƙi, mai saurin bushewa. Yana da buroshi, amma sau da yawa gashin kaza yake tsomawa, ko ya shafa da yatsa. Wanda ya matsa kusa da hotunansa zai ga sawun gashin a jikin ganyaye da furannin da yake zagaye surorinsa da su, zai ga inda launi ya zubo bai damu ya share ba. Ba ya bin ƙa'idar nesa da kusa da ake koyarwa a makarantun Turai. Abin da ya fi girma a zuciyarsa shi ya fi girma a kan kwalin.

Iskokin da yake bauta wa su ya fi zanawa: Erzulie, uwargijiyar so da ƙawa, Ogu Feray na ƙarfe da yaƙi da takobinsa, Agwe na teku a cikin jirginsa, Dambala maciji, Zaka manomi da jakarsa. Ya zana Henri Christophe da sauran mazan jiya, ya zana mata da gidaje da tulun furanni. Ya ce sai da ya nemi izinin iskokin kafin ya rage hidimarsu ya koma ga fenti, kuma ya ɗauki kansa mijin La Sirène, aljanar ruwa. A wurinsa zanen ci gaban aikin da ya gada ne, ba sabuwar sana'a ba. Shekara uku kacal kafin nan ana ƙona irin waɗannan surori a dandali. Yanzu ga su rataye a bangon cibiyar da shugaban ƙasa ya buɗe.

A watan Disamba 1945 André Breton, mawaƙin Faransa kuma jagoran masu fasahar da ke neman gaskiya a mafarki, ya zo Haiti, ya zaga cibiyar tare da mai zanen Kyuba Wifredo Lam. Ya tsaya gaban aikin Hyppolite, ya sayi hotuna biyar, daga baya ya yi rubutu a kansa. Laccocin da ya yi sun faɗo daidai lokacin da ɗaliban jaridar La Ruche, su René Depestre da Jacques Stephen Alexis, ke tafasa, kuma a Janairu 1946 zanga-zanga ta yi awon gaba da Lescot. A 1947 aka nuna aikin masu zanen Haiti a baje kolin UNESCO a Faris, sunan Hyppolite ya shiga jaridun Turai da Amurka. Bai daɗe yana cin moriyar ba. Zuciya ta buga masa a watan Yuni 1948, yana da shekara 53. A cikin shekara ukun nan ya bar ɗaruruwan hotuna, ƙiyasi ya kama daga 250 zuwa 600.

Littattafan waje kan ce Peters ya gano waɗannan mutane, su kuma kira aikinsu na marasa wayo, kamar na yara. Ban yarda da wannan ba. Obin ya haura shekara 30 yana zane kafin a san da wata cibiya. Hannun Hyppolite ya gwanance ne a kan garin masara da bangon ɗakin bauta da ƙofofin mutane. Abin da Peters ya kawo kayan aiki ne da bango da mai saye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke kwana da yunwa. Ya cancanci yabo a kansa. Amma gwaninta ya tarar da ita, kuma wani lokaci a cikin gidansa take. Rigaud Benoit direbansa ne, tsohon mai tasi, wanda daga baya ya auri 'yar Hyppolite. Castera Bazile yaron gidansa ne. Wilson Bigaud yaro ne ɗan unguwar su Hyppolite, Hyppolite ne ya kai shi cibiyar. Préfète Duffaut na Jacmel ɗan masassaƙin jirgin ruwa ne, ya shahara da biranen da ya ƙaga, masu hanyoyi suna nannaɗe duwatsu. A 1953 aka bi sawun wasu gicciyen ƙarfe a maƙabartar Croix-des-Bouquets har maƙerar Georges Liautaud, wanda daga hannunsa sana'ar sassaƙa tsohuwar durom ta yaɗu ta riƙe gari guda. André Pierre, shi ma hungan, a bayan ƙwarya da bangon ɗakin bauta ya fara.

Babban aikinsu na haɗin gwiwa ya zo a 1950 da 1951. Marubucin Amurka Selden Rodman, wanda ya zama abokin aikin Peters, ya nemi bangon da za a ba su, Bishop Alfred Voegeli na cocin Episkofal ya ba da babbar majami'ar Sainte-Trinité. Suka hau tsani suka zana labaran Linjila bisa aƙidar Kirista, amma da fuskokin baƙaƙe da ƙasar Haiti. Benoit ya yi haihuwar Almasihu, Duffaut ya yi jerin gwano, Obin ya yi jibin ƙarshe da kuma gicciye da titin garinsu a baya, Bazile ya yi hawa sama da kuma baftisma a bakin ruwa, mata na wanki a gefe. Bigaud, bai wuce shekara 20 ba, ya cika bango guda da bikin auren Kana, ya mai da shi bikin ƙauyen Haiti, da makaɗa da ganguna da ɗan sanda yana bin ɓarawo. Wasu masu ibada sun ji haushin ganin gangar Vodu a cikin coci. Bishop ɗin bai sa an goge ba.

Nasara ta zo da nata ciwon. A 1950 wasu masu zane, cikinsu har da Lucien Price da Max Pinchinat da Dieudonné Cédor, suka fice suka kafa Foyer des Arts Plastiques. Kukansu shi ne baƙi sun yanke wa Haiti irin zanen da ya dace da ita, wanda ya yi karatu ko ya gwada sabon salo sai a ce ba na asali ba ne. Suna da gaskiya a nan, kuma kasuwa ta tabbatar da ita. Da jiragen 'yan yawon buɗe ido suka yawaita, sai aka cika bakin titi da kwaikwayo, kasuwar mata iri ɗaya, dajin zaki da raƙumin dawa iri ɗaya, ana yi da sauri don a sayar kafin jirgi ya tashi. Wannan ya ciyar da gidaje da yawa, bai kamata a manta ba, amma ya binne aikin ƙwarai a ƙarƙashin tarin na banza. Bigaud ya kamu da taɓin hankali a ƙarshen shekarun 1950, ya daɗe bai dawo daidai ba. Bazile ya rasu a 1966 yana da shekara 42, a shekarar da Peters ma ya rasu. Mulkin François Duvalier, daga 1957, ya kori baƙi ya kori 'yan ƙasa masu yawa.

Francine Murat ta riƙe cibiyar daga tsakiyar shekarun 1960. A 1972 aka buɗe gidan adana zanen Haiti na Collège Saint-Pierre, don kada duk abin kirki ya ƙare a ƙasashen waje. A farkon shekarun 1970 Jean-Claude Garoute, wanda aka fi sani da Tiga, da Maud Robart suka hau dutse zuwa Soisson-la-Montagne, suka raba wa manoma fenti ba tare da sun nuna musu abin da za su zana ba. Daga nan ƙungiyar Saint-Soleil ta fito, da su Louisiane Saint Fleurant da Prosper Pierre-Louis da Levoy Exil. André Malraux, tsohon ministan al'adun Faransa, ya hau ya gan su a 1975, ya ba su babi a littafinsa.

Ranar 12 ga Janairu 2010, da la'asar, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7 ta afka wa Port-au-Prince. Gwamnati ta ce mutum fiye da 200,000 sun mutu. Ginin Centre d'Art ya rufta, ma'aikata suka riƙa zaro hotuna da takardu daga ƙarƙashin ɓaraguzai, dubbai suka tsira, aka tara su a cikin kwantena. Gidan tarin Georges Nader, mai hotuna kusan 12,000, ya rushe da mafi yawan abin da ke ciki. Francine Murat ta rasu makonni kaɗan bayan haka, Bigaud ya bi ta a watan Maris. A majami'ar Sainte-Trinité, daga zanen bango 14, uku ne suka rage a tsaye: jibin ƙarshe na Obin, baftismar Bazile, da jerin gwanon Duffaut. Bikin Kana ya zama ƙura. A 2011 ƙwararrun cibiyar Smithsonian ta Amurka, tare da masu zanen Haiti, suka yayyanka ukun nan gunduwa-gunduwa daga jikin bango, suka sa wa kowane yanki lamba, suka adana su a akwatuna har a sake gina majami'ar. Duffaut, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin masu hotuna ukun, ya rasu a 2012.